Me ya sa ake jin haushin mai karya yajin aiki a Hollywood?

Malama, kin tambaya me ya sa marubutan talabijin na Amurka suka tsani masu komawa aiki lokacin yajin 2023, alhali kowa yana da bakin da yake ciyarwa.

Yajin ya fara ranar 2 ga Mayu, ya ɗauki kwana 148. Marubuta kusan 11,500 suka ajiye alƙalami, saboda kuɗin da ake ba su idan an sake haska shiri ya ragu tun da Netflix da ire-irensa suka shigo, ga fargabar a ba na'ura mai ƙirƙirarriyar basira (AI) aikinsu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne direbobin Teamsters, ƙungiyar ƙwadagon masu tuƙa manyan motoci. Direba zai iso ƙofar kamfani da asuba, motarsa cike da fitilu da kyamarori, ya tarar da marubuta biyu ko uku riƙe da kwalaye, ya ƙi shiga. Ranar ba a ɗaukar komai, shi ma aikinsa ya tsaya. Wani ya yi maka wannan sadaukarwa, kai kuma ka lallaɓa ta baya ka koma?

Shi ya sa da Drew Barrymore, 'yar fim mai gabatar da shirin hira a talabijin, ta ce za ta dawo da shirinta a Satumba ana tsaka da yajin, aka yi mata ca, cikin mako guda ta janye.