Fatawa: Mai ciwon tayirod da atisayen yoga

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ina zaune a unguwar Aboabo. Wata takwas ke nan da likita a asibitin Komfo Anokye ya ce ina da ciwon tayirod, wato 'yar tsokar nan ta gaban wuya, irin wanda yake aiki fiye da ƙima. Wuyana ya ɗan kumbura, zuciyata na bugawa kamar wadda ta yi gudu, ga gumi ko a kwance nake, ga rawar hannu, har kofin koko sai na tallafe shi da hannu biyu. An ɗora ni a kan magani. 'Yata da ke jami'a ta turo mini bidiyon wata mata mai koyar da yoga da atisayen numfashi. Na gwada, kuma wallahi Malam ina samun barci. Matar ta ce wanda ya dage wata uku ba ya buƙatar ƙwaya, shi ya sa na koma shan rabi. Maigidana ya gan ni ina yi, ya ce wannan bautar Indiyawa ce, shirka nake yi masa a ɗaki. Hankalina ya tashi ƙwarai. Mene ne hukuncin wannan abu?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa, ya sa kaffara ne.

Ki kwantar da hankalinki, ba ki yi shirka ba. Miƙe gaɓoɓi da daidaita numfashi don neman lafiya halal ne. Abin da yake haram a cikin yoga shi ne ɓangaren bautar da ke manne da ita, kuma ana iya ɓare shi a yar. Sai dai akwai wata magana da kika faɗa a wuce, ba ki ma tambaye ni a kanta ba, alhali ita ce ta fi damuna a duk wasiƙar: rabin ƙwayar nan. Zan zo kanta.

Maigidanki ba haka kawai ya yi magana ba. Yoga daga Indiya ta fito, kalmar kanta ta harshen Sanskirit ce, tushenta yana nufin haɗawa ko ɗaurewa. A wurin masu ita na asali hanya ce ta tarbiyyar ruhi, zaman jiki da sarrafa numfashi matakai biyu ne kawai cikin takwas da tsofaffin malamansu suka tsara. Daga baya ta bazu a duniya a matsayin motsa jiki, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni, aka fara bikin a 2015. Saboda wannan cakuɗuwa ne malamai suka saɓa. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita a watan Nuwamba 2008. Majalisar malaman Indonesiya kuwa, a Janairu 2009, ta rarrabe: wadda ke ɗauke da rera kalmomin bauta haram ce, wadda take motsa jiki zalla babu laifi. Ni wannan rarrabewar nake rinjayarwa, kuma ga dalilina.

Muslim ya ruwaito daga Aufu ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa sun kasance suna yin tofi a zamanin jahiliyya, sai suka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da shi. Bai ce su watsar don daga jahiliyya ya fito ba. Cewa ya yi su kawo masa ya ji, sannan ya ce babu laifi ga tofi matuƙar babu shirka a cikinsa. Dubi yadda ya yi: ya saurara, ya tace, ya bar musu mai amfani. Haka kuma ya taɓa niyyar hana miji kusantar matarsa tana shayarwa, sai ya lura Rumawa da Farisa suna yi kuma bai cutar da 'ya'yansu ba, ya fasa hanawa. Wato a sha'anin jiki da lafiya ana amfana da abin da wasu al'ummai suka jarraba. Asali a al'amuran duniya halacci ne har sai dalilin hani ya zo, a ibada ne ake tsayawa sai an ga umarni.

Gani ya kori ji, don haka na sa wani ɗalibina ya nemo mini irin waɗannan bidiyoyi a wayarsa, muka zauna bayan la'asar muka kalli guda huɗu. A biyu daga ciki ban ga komai ba sai miƙa da lanƙwasa da jan numfashi. A na uku, mai koyarwar ta tsaya a bakin teku tana fuskantar rana daidai hudowarta, ta haɗa tafin hannu a ƙirji, ta sunkuya, ta kai goshi kusa da ƙasa. Wannan shi suke kira Suriya Namaskar, ma'anarsa gaishe da rana, jerin motsi goma sha biyu ne. Allah yana cewa a Suratu Fussilat, aya ta 37, kada ku yi sujada ga rana ko ga wata, ku yi sujada ga Allah da ya halicce su. Kuma a hadisin Amru ɗan Abasa, an hana mu nafila lokacin hudowar rana, aka faɗi dalili: a wannan lokacin ne kafirai ke yi mata sujada. To, idan sallar da mutum zai yi don Allah zalla an hana shi ita a wannan sa'a don kada ya yi kama da masu bautar rana, ina ga jerin motsin da sunansa ma gaisuwar rana ne? Wannan ki bar shi baki ɗaya, ko da zuciyarki ba ta nufi komai ba. Malamanmu na Malikiyya suna kiran irin wannan toshe kafar ɓarna.

Haka nan rera "Om" da sauran kalmomin da ake maimaitawa ido a rufe. Kalma ce mai tsarki a addininsu, Musulmi ba ya furta ta. Sai kuma zancen cakra, wai akwai wata cibiyar ƙarfi a maƙogwaro da ta toshe, shi ya sa tayirod ya lalace. Wannan aƙidarsu ce. Wahayi bai zo da ita ba, likitocin da ke fiɗar wuya kullum ba su gan ta ba, kuma ba a yarda Musulmi ya rataya zuciyarsa ga sababin da shari'a ba ta tabbatar ba, gwaji ma bai tabbatar ba. Idan kin taɓa yin wani abu daga cikin waɗannan bisa rashin sani, babu zunubi a kanki, ki daina daga yau.

Na kan ji wasu samarinmu, da kyakkyawar niyya, suna cewa ai salla ma yoga ce. Wannan magana ba ta yi mini daɗi. Salla ibada ce, ana yin ta ko tana miƙe baya ko ba ta miƙewa. Kada kuma a ɗauko tsarin yoga a cusa masa zikiri da adadi na musamman a ce an musuluntar da shi. Ambaton Allah a tsaye da zaune da kwance duk ya halatta, amma atisaye ya tsaya a matsayinsa na atisaye. Ki yi abinki a ɗakinki, ko cikin mata 'yan'uwanki da sutura ta kamala.

Yanzu ga maganar ƙwaya.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, siffarta kamar malam-buɗe-littafi. Sinadarin da take fitarwa shi ke saita gudun aikin jiki. In ya yi ƙaranci, sai kasala da jin sanyi da ƙiba, masu wannan nau'in galibi suna shan maganinsu kullum da safe kafin karin kumallo har tsawon rai. In ya yi yawa, irin naki, jiki ya zama kamar motar da aka danne wa totur tana tsaye. Yawanci garkuwar jiki ce ke zaburar da tsokar. Barcin da kike samu gaskiya ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali, kamar sau shida a minti, yana lafar da bugun zuciya, yana rage fargaba. Amma ke mai girki ce, kin san idan tukunya ta taso aka buɗe murfi kumfa yakan kwanta, itacen kuwa yana nan yana ci. Numfashi buɗe murfi ne. Ƙwayar ita ke zare itacen.

Maganin da aka fi ba masu irin ciwonki, kabimazol, akan sha shi wata 12 zuwa 18, kuma likita ne ke rage shi bayan ya duba sakamakon gwajin jini. Ke kina wata na takwas. Idan sinadarin ya sake hawa babu mai tare shi, yana iya hargitsa bugun zuciya, ya gajiyar da ita, ya zaizaye ƙashi, wani lokaci ya taso gaba ɗaya da zazzaɓi mai zafi da gushewar hankali, wanda yakan kai ga rasa rai. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya bayin Allah ku yi magani. Ya ce babu cuta babu cutarwa. Ya ce wa Abdullahi ɗan Amru jikinka yana da haƙƙi a kanka. Malamai sun yi bayani cewa neman magani yana komawa wajibi idan barinsa zai kai ga halaka kuma an san maganin yana aiki. Saboda haka hukuncin da nake ba ki shi ne: bai halatta ki rage ƙwayar nan da kanki ba. Ita kuwa mai bidiyon, Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to shi ne zai ɗauki alhakin abin da ya faru. Tana can wata ƙasa, ba ta taɓa ganin jininki ba, in abu ya faru ba za a same ta ba. Ki gaya wa 'yarki ita ma, cikin lallashi, domin ƙauna ce ta sa ta turo.

Ko a cikin motsin da ya halatta akwai wanda ƙa'idar hana cutarwa ta fitar miki. A bidiyo na huɗu an nuna tsayuwa a kan kafaɗu, ƙafafu sama, haɓa ta danne ƙirji, wai yana tausa tayirod. Mai kumburin wuya, ko wadda idanunta suka fara fitowa, ko mai hawan jini, kada ta yi wannan. Haka numfashin nan na sauri mai kama da zugazugin maƙeri, yana kawo jiri, ga zuciyar da dama a guje take. Haka atisaye mai tsanani ko a ɗaki mai zafi kafin gwajinki ya daidaita. Kada kuma wata a kasuwa ta ce ki nemi ƙarin aidin don ta ji yana maganin maƙoƙo. Maƙoƙon da muka sani a wuyan kakanninmu na ƙarancin aidin ne, shi ya sa ake zuba shi a gishiri. Naki daban ne, yawan aidin yana iya ƙara masa wuta.

Ki koma asibiti a makon nan, kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati. Ki faɗa wa likita gaskiya, ranar da kika fara shan rabi da yadda kike ji, ki nuna masa atisayen da kike yi ya zaɓar miki. In kina kan maganin kika ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ki tafi a ranar, domin wani lokaci yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta. In kina da ciki ko kina sa rai, shi ma ki faɗa.

Ga maigida kuma, Alhaji, Allah ya saka maka da kishin tauhidi. Amma kalmar shirka tana da nauyi, ba a jefa ta ga mai neman barci da numfashi. Ka zauna da ita ku kalli bidiyon tare, ku cire abin da na ambata, sannan ka raka ta asibiti da kanka.

Wallahu a'alam.