Motata mai lantarki ta daki kwalbati amma tana tafiya: in kai ta gareji ko in jira inshora?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. A makon jiya wani ya bangaje ni ta gefe a kan hanyar Bauchi, daf da Tumfure, motata ta hau bakin kwalbati har na ji cikinta ya daki kankare. Mai lantarki ce, ƙirar ƙasar Sin, na saye ta bayan cire tallafin mai. Alhamdulillahi babu wanda ya ji ciwo. Ƙofa ta lotsa, bamba ya tsage, amma na tuƙo ta har gida, ko fitilar gargaɗi ɗaya ba ta kama ba. Ina da cikakkiyar inshora, sai dai wakilinsu ya ce kada a taɓa ta sai mai dubawa ya zo daga Abuja, har yau shiru. 'Yan'uwan wanda ya buge ni sun zo da manya, sun ce a yi sulhu su biya fanabita. Shi kuma fanabita ya leƙa ƙasa, ya ce 'yar lotsawa ce a murfin batir, zai buga ta ta miƙe. Yanzu tana cikin gida, ina sa mata caji da dare, amma hankalina bai kwanta ba. Ya zan yi? Daga wani Alhaji a Tumfure, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumussalam Alhaji, barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Kafin ka ƙarasa karanta wannan, tashi ka zare wayar cajin nan, kada ta sake komawa. A fitar da motar daga cikin gida zuwa fili, nesa da ɗaki, da janareta, da wasu motoci. Tazarar da hukumar kiyaye haɗurran titi ta Amurka ke bayarwa ga irin wannan mota ita ce kimanin mita 15. In ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na man goge farce, ko ƙara kamar tsaki daga ƙasa, ko ka ga hayaƙi ko ɗigon ruwa, kowa ya matsa a kira 'yan kwana-kwana.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne wannan magana ta “tana tafiya, fitila ba ta kama ba”. Kullum sai na ji ta, daga masu ilimi da marasa shi, kuma ita ce ke cin mutane. A motar fetur, in inji ya tashi, birki na ci, babu yoyo, ana iya cewa da sauƙi. A taka motar wannan lissafi bai ci ba. Abin nan da fanabita ya kira murfi shi ne garkuwar batirin, kuma saman sa kaɗan ƙwayoyin litiyom ne jere a matse. A cikin kowace ƙwaya, abin da ya raba ɓangarorinta biyu wata 'yar leda ce da ba ta kai kaurin silin gashi ba. Duka daga ƙasa na iya matse ta ba tare da ta yage nan take ba. Sai caji da sauke caji su yi ta kumbura ƙwayar suna saki, zafin Gombe na Maris da Afrilu ya ƙara nasa, wata rana ledar ta huje. Ƙwayar ta ɗau zafi, ta dafa ta kusa da ita, ita ma ta dafa ta gaba. Wutar ƙaiƙayi ke nan, tana ci ta ƙarƙashi. An sha ganin motar da ta kama bayan awanni, wata bayan kwanaki, a ajiye, a kashe, babu kowa a ciki.

Kwamfutar motar ba ta da ido a ƙasa. Ƙarfin wuta take aunawa, da zafi, da ko lantarki na zubowa jikin ƙarfe. Ba ta san lotsawa ba sai lotsawar ta zama cuta. Haka in bututun ruwan sanyaya batir ya tsage yana ɗiga a ciki, ko hatimin gidan batirin ya buɗe. Wannan na ƙarshen ba zai nuna ba sai damina ta sauka ka ratsa ruwan da ke kwanciya a titunan garin nan.

To a kan wannan ne mutum zai zo da guduma. Gobe kuma a ce ai sai an ɗan gasa wurin da wutar walda kafin ya miƙe. Subhanallah! Yawancin motocin nan batirinsu na ɗauke da wuta kusan bolt 400, wasu 800, kuma kashe mota ba ya zubar da ita, tana nan a ciki. Wayoyin nan masu ruwan lemo ba don ado aka yi musu launi ba. Ban raina fanabita ba, a jikin mota gwanaye ne, ƙofarka ma su za su gyara ta daga baya. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai haɗa sola da ke cewa “ai litiyom ne, mun saba”. Ya saba da bolt 24 da 48. Babu safar hannu ta babbar wuta, babu na'urar gwaji, sai sukundireba da ƙarfin hali. In ya buɗe ya ɓata, zai ce ƙaddara ce, kai kuma ka rasa mota, ka rasa diyya. Kuma kada a ɗauka ƙaramin tulun kashe gobara na cikin but zai yi maganin wannan wuta. Ruwa mai yawan gaske take sha, tana iya mutuwa ta sake tashi, hayaƙinta guba ne. Su kuma masu yaɗawa a WhatsApp cewa duk mota mai lantarki bam ce, su ma ba gaskiya suka faɗa ba. Lafiyayya ba ta fi ta fetur kama wuta ba, wadda ta bugu ce abin tsoro.

Dubawar gaskiya ita ce a ɗaga motar, a auna zurfin lotsawar a gwada da iyakar da kamfanin da ya ƙera ta ya yarda da ita, a jona kwamfuta a karanta ƙwayoyin, a gwada ko wuta na zuba, a gwada hatimin da iska, sannan a rubuta rahoto a sa hannu. Fara da dillalin da ya shigo da ita. In sai an kai Abuja, a ɗora ta kacokan a kan babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya. Kada janwe ya ja ta tayoyi na juyawa a ƙasa, don injin zai riƙa haifar da wuta yana lalata kaya.

Batun inshora kuwa, wakilin ya yi daidai a abu ɗaya: in ka gyara kafin su gani, ka ba su hujjar zamewa. Amma maganar waya iska ce. Rubuta musu takarda yau, da lambar inshorarka, da hotuna har na ƙasan motar, da rahoton 'yan sanda, su buga hatimin karɓa a kwafinka. Ka rubuta ƙarara cewa batir ya bugu, kana neman a gwada shi, kana kuma neman izinin ɗaukar motar. Da yawa daga masu kimanta asara a motar fetur suka ƙware, zai zo ya lissafa ƙofa da bamba da fenti ya tafi. Kada ka sa hannu a takardar sallama sai rahoton batir na ciki, don batirin kaɗai na iya cin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin motar, wani lokaci har a ce gyara bai da riba, a biya ka a ɗauke ta. Duba takardarka ka ga nawa aka rubuta darajar motar, da kason da kai za ka fara biya. In suka ci gaba da ja maka rai, NAICOM, hukumar kula da kamfanonin inshora ta ƙasa, na da sashen karɓar ƙorafi, kai musu da kwafin takardun.

Sulhu alheri ne, amma ka ce wa manya su dakata har rahoto ya fito, kuma kada ka yafe komai a rubuce kamfaninka bai sani ba, don in sun biya ka suna da haƙƙin bin wanda ya buge ka. Inshorar dole ta ƙaramar mota, wadda ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, iyakarta naira miliyan 3 ce a ɓarnar dukiyar wani, ba lalle ta kai kuɗin batir ba. Wannan ma in tasa ta gaskiya ce, ba wadda 'yan kamasho ke bugawa a bakin ofishin lasisi ba. Danna *565*11# ka sa lambar motarsa, za ka gani.