Idan rigakafin yara kyauta ne, wa ke biyan kuɗinsa?

Tambaya: Likita, ranar allurar ɗana ta zo amma yana ɗan mura. In bari sai ya warke?

Amsa: Ki kai shi. Mura ba ta hana rigakafi. Amma idan jikin ya yi zafi rau ko ya ƙi kama nono, ki nufi asibiti nan take a duba shi.

Tambaya: Maganin zazzaɓi sai na saya, amma rigakafi kyauta, wani lokaci har gida ake biyo mu da shi. Mahaifina ya ce akwai lauje cikin naɗi, shi ya sa na hana a kai 'yata.

Amsa: Malam, tambayarka ce ta fi tsaya mini a rai, domin yara da yawa sun rasa rai ko ido saboda wannan tunani. Kai ne ba ka biya ba, amma an biya, kuma da tsada. Gwamnatoci na ware kuɗi daga harajin jama'a, ƙawancen rigakafi na duniya mai suna Gavi da aka kafa a 2000 yana tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, UNICEF kuma ta sayo alluran da yawa lokaci guda don farashi ya sauka.

Ruwan allurar ma wani ɓangare ne kawai. Yawancinsu dole su zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 har su isa hannun ma'aikaciya. Zafi yana lalata su, wasu kuma, kamar allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar, daskarewa ce ke kashe su. Ka lissafa ɗakin sanyi, firji, wuta ko sola, akwatin ƙanƙara, man mota da na babur, sabon sirinji ga kowane yaro, kati, horarwa, sannan albashin ma'aikata, wanda sau da yawa shi ke cin kaso mafi tsoka. Yaron da ke nesa da asibiti ya fi tsadar isa, tunda tafiyar yini guda za a yi don yara ƙalilan.

To me ya sa ake ɗaukar wannan wahala? Saboda maganin zazzaɓi kai kaɗai yake warkarwa, rigakafi kuwa har 'ya'yan maƙwabta yake karewa. Ƙyanda ba ta daina yawo sai an yi wa kusan yara 95 cikin 100 allura. Da a ce sai an biya, marasa hali za su zauna gida, annoba ta ɓarke, a kashe ninkin-ba-ninkin wajen jinya. Tsadar sauran magunguna kuka ne na gaskiya, ni ma ina yinsa, amma 'yarka ba ta da laifi a ciki. Ka lallashi Baba cikin ladabi, ka kai ta makon nan. In ka ga ƙuraje da zazzaɓi da jan ido, kada ka kwana da ita a gida.

Tambaya: Na kai jaririyata BCG, wato allurar rigakafin tarin fuka, aka ce in dawo wata rana sai yara sun taru.

Amsa: Kwalbar BCG galibi ta yara 20 ce, kuma da zarar an haɗa ta sai a zubar da ragowar bayan awa 6, shi ya sa ake jin asara. Ni dai a ganina asarar kwalba ta fi asarar yaro sauƙi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a buɗe ko don yaro ɗaya ne. Ki koma ranar da aka sa miki, kada ki yi fushi ki fasa.

Tambaya: Wurin allurar ya yi ƙurji, kakarsa ta matse ta shafa toka da man birki.

Amsa: Man birki a jikin jariri? Subhanallahi! Ƙurjin BCG alama ce ta cewa allurar ta kama, da kansa yake warkewa ya bar tabo. Ki wanke da ruwa mai tsabta, a daina taɓa shi. Tunda an riga an shafa waɗannan abubuwa, ki kai shi a duba yau, musamman in wurin ya kumbura ko jikinsa ya yi zafi.

Tambaya: Mun tsallake allurar mako 10. Za a sake daga farko?

Amsa: A'a, daga inda aka tsaya za a ci gaba. Ki tafi da katin.