Maigidana yana sakin kaya da waya, ni kuma nake sa hannu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar Tawa, ina staj, wato koyon aiki, na wata 3 a magazar wani ɗan kasuwa mai gero da shinkafa. An haɗa ni da dattijon da ya fi shekara 20 yana riƙe da magazar, ya ɗauke ni kamar ɗansa, har mabuɗi yake bar mini. Abin da ke hana ni barci shi ne, Alhaji mai kaya yakan kira shi a waya ya ce a ba wane buhu 30, a loda, bon, wato takardar izinin fitar da kaya, ya biyo baya, wani lokaci ma ba ya zuwa. Yanzu ni ke cika fish, takardar lissafin shiga da fitar kaya, ina sa hannu. Da na yi magana sai dattijon ya ce shugabanci amana ce, mai neman takarda a komai bai yarda da mutane ba. 'Yan dako ma ba sa jin maganata. Ina tsoron ɓata masa rai, ina kuma tsoron ranar lissafi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Tsoronka yana kan hanya, kada ka bari a raina maka shi.

Ka riƙe dattijon nan da hannu biyu. Abin da ya sani babu shi a takardun jami'a: yadda ake jera tari kan palet, katakon da ake ɗora buhuna a kai, ba ya karkata, a bar kamar mita 1 tsakaninsa da bango don a zaga a ƙirga, yadda ake gane buhun da ya sha ruwa a hanya tun daga warinsa, da dalilin da ya sa wanda ya fara shiga shi ke fara fita. Ka bi shi, ka yi ta tambaya. Amma maganar da ya yi maka kan amana kuskure ce, kuma na gaji da jin ta daga Yamai har Tawa.

Wa ya ce rubutu rashin yarda ne? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin. Buhun da ya fita ba takarda bashi ne a wuyan mai mabuɗi. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci iri ɗaya, kuma ƙa'idar lissafinta ta wajabta ƙidayar kaya ta zahiri a ƙarshen kowace shekara. Ranar da mai bincike ya zo, fish zai buɗe, ya ƙirga tari, ya cire wannan daga wancan. Ba ya tambayar wa ya buga waya. Sa hannun da ke ƙasan takarda yake nema, kuma naka ne. Alhajin da ya ce a ba wane buhu 30 ba sai ya yi ƙarya ba, mantuwa kawai ta isa. Yana Konni yau, gobe yana Madawa wajen albasa, kira nawa ya yi a ranar? Na ga yara masu gaskiya sun kwana a hannun jandarma a kan kayan da ko tiya ba su ci ba, iyayensu suna sayar da bisashe don a biya. Masu cewa "ai mu nan duk 'yan uwa ne" ba ka ganin ko ɗaya daga cikinsu a ranar.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Magazar da kaya ke fita da baki, kowa ya san lissafinta a buɗe yake, har ɓarawon cikin gida. Shi ba ya ɗaukar buhu. Bututu yake sokawa ya zare tiya ɗaya daga kowanne. Buhun gero mai kilo 100 kusan tiya 40 ne, to tiya ɗaya daga buhu 200 buhu 5 ke nan sun tafi, tari kuma yana nan cif a ido. Shi ya sa ƙirga kaɗai ba ta isa, sai ka riƙa ɗora wasu buhuna a sikeli, wajen shiga da wajen fita, ba tare da ka sanar ba.

Yadda za ka yi da dattijo: kada ka gyara shi a gaban 'yan dako, wannan cin fuska ne. Ka same shi shi kaɗai bayan la'asar, ka ce, "Baba, a makaranta za a tambaye ni takardar kowace fita, ka taimake ni in cika aikina." Sai ka buɗe littafi mai lambar shafi. Duk umarnin da ya zo ta waya, ka rubuta rana, lokaci, yawan buhu, lambar mota, direba ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, Baba ya sa nasa. Ka roƙa Alhaji ya turo saƙo a WhatsApp, ko na murya ne, kafin a ɗaga buhu na farko. Minti ɗaya ne. Abin da idonka bai ƙirga ba kuwa, hannunka kada ya taɓa takardarsa, ko wa ya ce.

Su kuma 'yan dako, tsawa ba za ta sa su ji ka ba, sun girme ka kuma sun ga irinka da yawa sun zo sun wuce. Ka riga su zuwa. Ka tsaya a bakin mota cikin rana har a sauke buhu 600 na tan 30, kana karɓar tsinke ɗaya kan kowane buhu, kada ka shige ofis ka bar su. Ka tabbata kuɗin dakonsu ya fito cif a ranar, ruwan sha yana kusa, umarni kuma ka bi da shi ta bakin babbansu. Ranar da aka sa ƙwayar Phostoxin, maganin ƙwarin hatsi, kai ne za ka hana kowa shiga, ka hana mai gadi kwana jikin ƙofa, domin iskarta tana kashe mutum.

Kafin ka sake karɓar mabuɗi, ku ƙirga kayan gaba ɗaya kai da Baba, tari bayan tari, ku rubuta adadin ku sa hannu ku biyu. In ya ƙi a ƙirga, ka mayar masa da mabuɗinsa cikin ladabi, ka sanar da malamin da ke kula da staj ɗinka a wannan makon.