Tambayi bakanike: babur mai mutuwa a hanya, fulogi mai baƙi da batirin da ba ya riƙe caji

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Babur ɗina ƙirar China ne mai ƙarfin 125. Da safe bugu ɗaya yake tashi, amma in na yi tafiyar kilomita 4 ko 5 sai ya fara shaƙewa ya mutu. In na jira minti goma sai ya tashi kamar ba abin da ya faru. Sau biyu ana wanke kafireta. Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka biya kuɗin wanki na uku. Jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireta, in ya toshe ba ya buɗe kansa don an huta minti goma. Abin da ke zuwa bayan an yi tafiya, ya tafi bayan an huta, ko mai ne ba ya sauka yadda ya kamata, ko zafi ne ke taɓa wani abu.

Fara da murfin tanki, don shi ba ya cin ko sisi. Yana da ɗan ƙaramin rami da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka. In ƙura ta toshe shi, tankin sai ya riƙe mai kamar yadda tiyo ke riƙe ruwa in ka danne bakinsa da yatsa. Da zarar babur ya mutu, buɗe murfin ka saurara. In ka ji ya zuƙi iska, kuma ya tashi nan take, ka gano mai laifi. Allura da ɗan fetur sun isa.

In ba shi ba ne, sa kwano a ƙarƙashin kafireta ka kwance sukurun da ke gindinta, makunnin mai yana buɗe. Ya kamata mai ya zubo ba yankewa. In ya zo da ƙarfi sannan ya koma ɗigo, matatar da ke cikin makunnin mai ta cika da tsatsa, ko tiyon ya lanƙwashe. Duba abin da ya taru a kwanon kuma: ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwallayen gilashi. Mai yawan sayen man galan a bakin titi ya saba da wannan gani.

Sai wuta. Tafi da sabon fulogi a aljihu. Babur na mutuwa, kafin ya huce, cire hular fulogi ka sa sabon a ciki, ka jingina ƙarfensa a jikin inji ka buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara, lafiya lau. In ja ce mai rauni ko babu ita sam, sannan ta dawo bayan inji ya huce, to kwayil ne, mai ƙara wa wutar fulogi ƙarfi, ko CDI, ɗan akwatin da ke sakin wutar a kan lokaci. Siririyar wayar da ke cikin kwayil in ta tsage, zafi na buɗe tsagar, sanyi na haɗe ta. Ari na wani babur ka gwada ɗaya bayan ɗaya kafin ka saya. In ka canza biyun tare, ba za ka taɓa sanin wanda ya lalace ba.

In mai da wuta duk suna nan, saura bawul. Ƙarfe na kumbura da zafi, bawul ɗin da aka ɗaure ba rata ba ya rufewa sosai in inji ya ɗauki zafi, matsi sai ya zube. In injinka irin wanda aka kwaikwayo daga Honda CG125 ne, ratar bawul ɗinsa milimita 0.08 ce, kuma ana aunawa inji na sanyi, fistin yana can sama, bawul biyun a rufe. Mutane da yawa kan sa a matse bawul don ƙarar "kas-kas" ta ɓace. Ƴar ƙarar nan ta fi shirun da ke ƙone bawul.

TAMBAYA: Tun shigowar hunturu babur ɗina ke shan mai, fulogi kuma duk mako sai ya yi baƙi. An ce in rage mai a kafireta. Daga Maraɗi.

AMSA: Shafa bakin fulogin da yatsa tukuna. Baƙi busasshe kamar na gindin tukunya, mai ya fi iska yawa. Baƙi mai maiƙo, tare da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa, baƙin mai ne ke haurowa ta ringi ko robar bawul, kuma babu sukurun da zai gyara wannan. Lafiyayyen fulogi launin ƙasa-ƙasa yake yi.

Tunda da hunturu abin ya fara, mun fi zargin matatar iska. Ƙura ta toshe ta, inji na zuƙa bai samu iska ba, sai ya zuƙo mai. In ta soso ce, wanke ta da kananzir, ka matse ba tare da murɗawa ba, ta bushe, ka shafa mata baƙin mai kaɗan ka sake matsewa. In ta takarda ce, ba a wanke ta, a kakkaɓe ko a canza. A lokacin ƙura duk mako biyu ka leƙa ta. Tabbatar kuma cok yana komawa ƙarshe, kuma mai ba ya ɗiga ta tiyon gindin kafireta in babur na tsaye.

Sai an gama wannan ake taɓa sukurun da ke daidaita mai da iska a jikin kafireta. Murɗa shi ciki a hankali har ya tsaya, ban da ƙarfi don tsininsa na lalacewa, ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Inji na da ɗumi, riƙa juya shi kwata-kwata har ka sami inda sulo ya fi ɗagawa, sannan ka sauke sulon da ɗaya sukurun, wato na sulo. Lura da inda sukurun mai da iskar yake zaune: in yana ɓangaren matatar iska, kwance shi iska yake ƙarawa, in yana ɓangaren inji, mai yake ƙarawa. Ratar bakin fulogi kuwa milimita 0.6 zuwa 0.7.

TAMBAYA: Na ƙara babban ham da fitilu biyu. Batir biyu na canza cikin wata huɗu. Daga Kano.

AMSA: Nemi mita ka auna batir. Inji a kashe, cikakken batir na nuna bolt 12.6 ko kusa. Tayar da inji ka ja totur kaɗan, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai motsa ba, caji ba ya zuwa. In ya wuce 15, raktifaya, mai daidaita wutar caji, ce ta lalace tana dafa batir, shi ya sa ruwansa ke ƙafewa, ƙwan fitila kuma ke yawan ƙonewa.

In caji daidai ne, duba inda aka jona kayan. Masu haɗi da yawa kan ɗauko wuta kai tsaye daga jar wayar batir, sai abin ya kwana yana sha. A baburan da suka bi tsarin Honda, baƙar waya ce ke ɗaukar wuta bayan an murɗa makulli, koriya kuma ita ce ta jikin ƙarfe. Bajaj launukansa daban ne, auna kafin ka yanka. Babban ham yana buƙatar rile, wato makunnin da ke ɗaukar nauyin wutarsa, da fis nasa na kansa, kuma fis ɗin da ya ƙone ba a maye shi da waya ko takardar sigari.

TAMBAYA: In na huda cikin salansa, gudu zai ƙaru? Daga Yola.

AMSA: Ƙara za ta ƙaru, maƙwabta za su shaida. Gudu da wuya. Salansa a buɗe na sa iska ta fi mai yawa, inji ya yi zafi, ya riƙa harbi in ka saki totur, ƙarfin tashi daga tsaye ma ya ragu. In ka riga ka huda, sa babban jet mai lamba ɗaya sama da naka, ka yi tafiya mai ɗan nisa ka ciro fulogi. In bakinsa fari ne fat, mai bai isa ba tukuna, kada ka yi doguwar tafiya da shi a haka.