Kwatar unguwarku da kuɗin ƙaramar hukuma

Ɗan'uwa ka ce kwatarku ta toshe, ruwa na shiga gidaje, kana tambayar wa za ku kama. Gaskiya ne a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, amma fa aiki sai ya shiga kasafin kuɗi, shi ya sa mu muka rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, muka haɗa da hotunan katangar da ta rufta muka kai sakatariya ta hannun kansila. Ku tabbata an buga muku sitamfi a kwafinku. Don Allah kar ku ba kowa kuɗin "bin fayil". In zaizayar ƙasa ce kuma sai ma'aikatar muhalli ta jiha, injiniya ya duba.