Ma'anonin kalmar "charge" da yadda ake amfani da ita

Malama, kin tambaya me ya sa kike ganin "charge" a takardar banki, a waya, har a labarin kotu. Kalmar da ke biye da ita ce take fayyace ma'anar.

Idan "for" ta biyo baya, maganar kuɗi ce. "They charged me 500 naira for delivery", wato an caje ni naira 500 kuɗin kawo kaya. A nan 'yan'uwanta su ne "fee" da "cost", sai dai an fi jin "fee" a kuɗin makaranta ko na likita.

Idan "with" ce, an shiga kotu: "He was charged with theft", an tuhume shi da sata. Kada ki sa "accuse" a gurbinta kai tsaye, domin kowa na iya zargi, amma tuhuma aikin hukuma ne. Ita "accuse" ma "of" take ɗauka.

Cajin waya kuwa kin san shi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne "in charge of". "She is in charge of the children" na nufin ita ke kula da yaran. Da zarar kin ce "in the charge of", magana ta juye, ita ce ake kula da ita. Ki duba wannan "the" ɗin sosai kafin ki aika wasiƙar neman aiki.